Garkuwar Gefen Mota: Yadda Ake Ɗaura Ta da Yadda Ake Yi Mata Walda



1.0 Gabatarwa

Na san wasu za su yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen walda, don haka bari in fara da dalili. Wata shekara muna yawon nazari a ƙauyukan da ke cikin duwatsu, sai motarmu ta gangara wani kwazazzabo, ƙafar gaba ta haye wani dutse, kafin ƙafar baya ta iso sai gefen motar ya zauna a kansa. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa ya lotsa, ƙofar ta ƙi rufuwa, da igiya muka ɗaure ta har gida. Aka ba mu shawara mu sa ƙarfen kariya. Wani mai walda ya liƙa mana bututun ruwa a gefe biyu, ya shafe su da baƙin fenti, suka yi kyau ga ido. Ba a yi wata shida ba shasin motar ya tsage daidai bakin waldar. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Tun daga nan na shiga zama da masu sana'ar da karanta abin da injiniyoyi suka rubuta, kuma abin da na fahimta shi ne zan gabatar muku yau.

Maganar da nake so mu tafi da ita guda ɗaya ce: ƙarfin wannan kariya yana ga mahaɗinta da shasi. Kaurin bututu da kyawun fenti duk suna bayan wannan.

2.0 Mece Ce Garkuwar Gefe?

A ƙarƙashin ƙofofin kowace mota, tsakanin ƙafar gaba da ta baya, akwai wani dogon ƙarfe marar kauri wanda ya yi daidai da abin da muke kira dokin ƙofa a ɗaki. Shi ne wurin da ya fi fuskantar haɗari a hanyar duwatsu, domin idan ƙafar gaba ta sauka daga kan dutse, dutsen yakan tsaya a tsakanin ƙafafun biyu, nauyin mota ya sauko masa. Idan dokin ƙofa ya lotsa, ginshiƙan da ke riƙe da ƙofofi sukan goce, gyaransu kuwa yana da tsada ƙwarai.

Maganin wannan shi ne a shimfiɗa ƙaƙƙarfan bututun ƙarfe a ƙarƙashin dokin ƙofa, a ɗaure shi da shasi, yadda dutse zai tarar da shi kafin ya tarar da jikin mota. Turawa suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce “mai sulɓi a kan dutse”, domin motar tana zamewa ne a kansa har ta wuce. Ni a wannan lacca zan kira shi garkuwar gefe.

Wajibi ne mu bambanta ta da matakalar da kamfani ke sa wa mota don hawa. Matakala an yi ta ne ta ɗauki nauyin mutum ɗaya, sau da yawa da alminiyon ko roba, kuma in ta bugi dutse takan lanƙwashe sama ta ƙara matse ƙofar. Garkuwa kuwa dole ta iya ɗaukar nauyin gefen motar baki ɗaya, har a sa jak a ƙarƙashinta a ɗaga.

3.0 Inda Ta Bunƙasa da Inda Take da Amfani

Wannan dabara ta bunƙasa ne a wurin masu hawan duwatsu da mota don nishaɗi, musamman a yammacin Amurka. A jihar Kalifoniya akwai wata hanya da ake kira Rubikon, mai tsawon kimanin mil 22, wato kilomita 35, a cikin tsaunukan Siyara Nebada kusa da tafkin Taho, inda masu motar Jeep suka fara taron shekara-shekara tun 1953. Haka nan a garin Mowab na jihar Yuta an fara irin wannan taro a 1967. A irin waɗannan hanyoyi mota tana tafiya ne kamar hawainiya, daga wannan dutse zuwa wancan, kuma wanda ya je ba garkuwa ya san da ƙyar zai komo da ƙofofinsa lafiya.

Abin da yake wasa a can, a wasu wurarenmu larura ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Timiya a cikin duwatsun Azbin, ko hanyoyin ƙauyukan tsaunin Jos da na Mambila, ya san motocin asibiti da na 'yan kasuwa suna fama da irin wannan dutse ɗauke da kaya da mutane. Amma a lura, ba kowace mota ce ke bukatarta ba. Garkuwa biyu sukan kai kilo 40 zuwa 50, wani lokaci fiye. Motar da aikinta rairayi ne ko kwalta, ƙarin nauyi kawai za a ɗora mata, ta ƙara shan mai, ta ƙara nutsewa a yashi.

4.0 A Fara Sanin Irin Motar

Ginin mota iri biyu ne. Iri na farko shi ne mai shasi daban, bodi daban: dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gajeru kamar tsani, sa'an nan aka aza bodi a kansu bisa robobi. Toyota Hilux, wadda aka fara yi a 1968, da Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, duk wannan gini gare su. Haka ma tsohuwar Land Rover, tun daga ta farko a 1948 har zuwa Defender da aka daina yi a watan Janairu na 2016. Iri na biyu shi ne wanda bodin kansa ne ƙashin motar, babu wani tsani a ƙarƙashi. Yawancin ƙananan motoci haka suke, har da sabuwar Defender da ta gaji tsohuwar, wadda jikinta na alminiyon ne.

Duk abin da zan faɗa nan gaba ya shafi iri na farko ne. Iri na biyu ba shi da kaurin da zai karɓi irin wannan walda, sai dai garkuwar da aka tsara musamman dominsa, mai ɗauri da noti a wurare masu yawa. Akwai kuma manyan motocin ɗaukar kaya waɗanda aka gasa ƙarfen shasinsu a masana'anta don ya ƙara ƙarfi. Kamfanoni sukan manna musu gargaɗin kada a yi musu walda, domin zafi yana warware wannan gashi. Motocin zamani da yawa ma an yi shasinsu da ƙarfe mai ƙarfi amma marar kauri, saboda haka a duba littafin mota kafin a kunna inji. Har wa yau, motar da ke da jakar iska ta gefe an daidaita na'urorinta ne bisa yadda gefenta ke lotsewa a lokacin karo, ƙara mata ƙarfe kuwa na iya canza wannan lissafi. Irin wannan mota ta fi dacewa da garkuwar da masu ƙera ta suka gwada tare da jakar iskar.

5.0 Sassan Garkuwa da Ƙarfen da Ya Dace

Garkuwa tana da sassa huɗu. Na farko, uwar garkuwa, wato dogon bututun da ke bin dokin ƙofa. Galibi akan yi ta da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 50 kowane gefe, kaurin bangonsa milimita 4 zuwa 5. Na biyu, bututun waje, wanda yake zagayayye, faɗinsa kimanin milimita 44, wato inci ɗaya da kwata uku, kaurinsa milimita 3. Shi ne ke kare ƙofa daga dutsen da ya tsaya a gefe, kuma akan ɗan buɗa shi waje ta wajen ƙafar baya don ya ture motar daga dutse. Na uku, ƙafafu, uku ko huɗu a kowane gefe, waɗanda ke tashi daga uwar garkuwa zuwa shasi. Na huɗu, fallayen ƙarfe masu kaurin milimita 5 zuwa 6 da ke zama tsakanin ƙafa da shasi, tare da 'yan tokarai masu kusurwa uku.

Bututun ruwa mai farin shafe, wanda aka yi mana aiki da shi, bai dace ba ta fuska biyu. An yi shi ne don ya riƙe ruwa, ba a auna shi don ɗaukar duka ba. Sa'an nan farin shafen nan tutiya ce, in wuta ta taɓa ta sai ta tashi da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki, ta kuma ɓata waldar da ƙananan ramuka. Araha ba ta ado.

6.0 Dalilin da Ya Sa Mahaɗi Ya Fi Komai

Kowa ya san bokitin ruwa ya fi nauyi in an miƙe hannu da shi fiye da in an rungume shi, alhali ruwan bai ƙaru ba. Nisan kaya daga kafaɗa shi ke ninka wahalar kafaɗa. Ƙafar garkuwa hannu ce a miƙe, mahaɗinta da shasi kuwa shi ne kafaɗa.

Mu yi ɗan lissafi, alal misali. A ce nauyin kilo 1,000 ya sauka a kan garkuwa, nisan wurin daga shasi santimita 30, tsayin mahaɗin kuma santimita 10. To, ƙarfin da ke ƙoƙarin ɓalle ƙasan mahaɗin zai ninka sau uku, ya kai kamar kilo 3,000, wani kamarsa kuma yana danna samansa cikin shasi. Wannan idan motar ta zauna a hankali ke nan. In faɗowa ta yi, abin ya wuce haka nesa. Bangon shasi kuwa 'yan milimitoci ne kawai, sau da yawa bai kai kaurin ƙafar da aka liƙa masa ba. Idan aka liƙa ƙafar kai tsaye, duk wannan ƙarfi zai taru a wuri kamar tafin hannu, bangon ya lotsa ko ya yage.

Aikin fallen ƙarfe shi ne ya baza nauyin a wuri mai faɗi, aikin tokari kuma ya ƙara wa mahaɗin tsayi. In mahaɗin ya tashi daga santimita 10 zuwa 15, ƙarfin nan na kilo 3,000 zai sauko zuwa 2,000.

Akwai ƙa'idoji biyu game da inda wuta za ta taɓa. Shasi yana lanƙwasa kullum mota na tafiya, kuma samansa da ƙasansa su ne suka fi shan ja da matsa, tsakiyar bangonsa kuwa tana cikin sauƙi. Don haka walda a bangon gefe ake yin ta, a bar sama da ƙasa. Ta biyu, kada a ja layin walda a tsaye daga sama har ƙasa, domin bakin walda wuri ne da tsaga ke son farawa, layi a tsaye kuwa ya zama kamar an shata wa tsagar hanya ta raba shasin biyu. Shi ya sa ake yanka fallen da siffar zi ta karta, ko a zagaye kusurwoyinsa, yadda waldar za ta bi a karkace. Wannan ita ce ƙa'idar da aka karya a tamu motar.

Wanda ba ya son wuta ta taɓa shasinsa yana iya ɗaurewa da noti. A nan sai a nemi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, kauri milimita 12, a fi son ramukan da kamfani ya riga ya huda. In shasin mai rufaffen ciki ne, dole a zura guntun bututu a ramin, in ba haka ba ɗaurin zai matse bangon biyu su haɗu. Ɗauri da noti yana ba da damar cirewa a gyara, walda kuwa ta fi sauƙin kuɗi, amma in ta zauna ta zauna.

7.0 Shiri da Gwaji Kafin Wuta

A tsayar da mota a kan ƙafafunta a wuri mai daidai, a wanke ƙarƙashinta. A leƙa bayan shasi da cikinsa, domin nan ne bututun mai da na birki da wayoyin lantarki ke bi. Wanda za a iya kwancewa a kawar da shi, wanda ba za a iya ba a kare shi da fallen ƙarfe da jiƙaƙƙen bargo. A cire wayar batir ta gefen da ba ja ba. Wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin aiki kuwa, a maƙala ta a shasi dab da inda ake walda, don kada wuta ta yi yawo ta cikin kwamfutar mota ko ta ƙona boris. Mota mai tafiya da batir, ko mai haɗa batir da fetur, aikinta na ƙwararrunta ne.

Sai a gurje fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. In an ga tsatsa ta cinye bangon, a dakata, gyaran shasi ya riga garkuwa. Kada a goge wurin da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafin walda yana mai da shi iskar fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Farko.

Daga nan a ɗaga garkuwa da jak a tokare ta, a bar tazarar milimita 12 zuwa 20, kamar kaurin yatsa, tsakaninta da dokin ƙofa. Dalili kuwa, bodi yana zaune ne bisa robobi, yana motsi daban da shasi. In suka haɗu, garkuwar za ta riƙa dukan abin da aka sa ta ta kare. A buɗe kowace ƙofa a rufe, a murza sitiyari har ƙarshe a ga taya ba ta taɓa ba, a auna gefe biyu su yi daidai. Sa'an nan a ɗiɗɗiga walda kaɗan kaɗan ta riƙe, a koma a sake aunawa.

8.0 Waldar Kanta

Sandar walda mai shafe, wadda Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ya yi wa rajista a 1907, ita ce har yau aka fi amfani da ita a garejojinmu. Lambar da ke jikinta tana da ma'ana. A 6013, lambobi biyun farko suna nufin waldar za ta jure jan fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci. A 7018 kuwa fam 70,000. Ta farko tana da sauƙin kamawa amma ba ta shiga ƙarfe da zurfi. Ta biyu ta fi dacewa da aikin da zai sha jijjiga, sai dai tana son inji mai kyau, kuma dole a ajiye ta a bushe, domin in shafenta ya sha danshi waldar takan tsage daga baya. Sanda mai kaurin milimita 2.5 tana son amfiya 60 zuwa 90, mai 3.2 kuwa 90 zuwa 130. Akwai kuma injin da ke turo waya da kansa yana lulluɓe ta da iskar gas. Aikinsa yana da tsabta, amma a fili iskar hunturu takan kore gas ɗin.

Tun da fallen ya fi bangon shasi kauri, sai a karkata wutar wajen fallen, a bar narkakken ƙarfe ya malalo kan shasi, don kada a huda shi. A yi walda guntu guntu, kamar santimita 3 zuwa 5, a bar wannan ƙafa a koma waccan, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce, kuma walda mai tsawo a wuri ɗaya takan janye garkuwar ta karkace. Bayan kowane guntu a kankare kashin da ya taru a kai kafin a ci gaba.

A nan akwai wani abin lura. Maƙeri yakan tsoma wuƙa a ruwa tana ja don bakinta ya yi tauri, kuma daidai ne ga wuƙa. Amma tauri yana tafe da saurin karyewa, shasi kuwa so ake ya lanƙwasa ya komo. Saboda haka kada a watsa wa waldar shasi ruwa don gaggawa, a bar ta ta huce da kanta.

Waldar kirki takan kwanta sumul, ta narke cikin ƙarafan biyu. Wadda ta taru a sama kamar kashin kaza ba ta shiga ba, wadda kuma ta ci rami a gefenta ta rage wa shasi kauri. Duk wadda aka ga haka a gurje ta a sake. Mai walda ya sa garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken da ke ƙona ido, kuma ciwon ba ya tashi sai cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. A ajiye abin kashe gobara kusa, a kuma zauna da motar kamar rabin sa'a bayan an gama.

9.0 Gamawa da Jarrabawa

Zafi ya ƙone fentin da ke ciki da wajen shasi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shafa fentin hana tsatsa a waje, a fesa mai ko kakin kariya a ciki ta ramukan shasi, a toshe bakunan bututu don kada laka ta kwana a ciki.

Jarrabawa kuwa ita ce a sa jak a tsakiyar garkuwa a ɗaga har ƙafafun wannan gefe su bar ƙasa, ba kowa a ƙarƙashi. A duba ko tazarar nan ta yatsa tana nan, a buɗe ƙofa a rufe. In garkuwar ta taɓa bodi, ƙafafu ko tokarai sun yi kaɗan. Bayan tafiyar farko a hanyar dutse a wanke mahaɗan a duba su da fitila. Siririn layin tsatsa a bakin walda alamar tsaga ce.

10.0 Kammalawa

Malam Shugaba, a taƙaice mun ga cewa garkuwar gefe hanya ce ta ɗauke nauyi daga dokin ƙofa a kai shi ga shasi, kuma shasin ya fi garkuwar daraja nesa ba kusa ba. Garkuwa in ta lanƙwashe an yanke ta an sa wata, shasi kuwa in ya tsage a tsakiyar dawa da marar lafiya a mota, abin ya wuce asarar kuɗi. Shawarata ga mai mota ita ce, kafin ya tambayi mai walda nawa ne, ya tambaye shi abu uku: ina fallen da zai sa, ta ina layin waldar zai bi, kuma me zai yi da bututun mai. Wanda ya amsa waɗannan da kyau, a ba shi aikin, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba.